Ƙanena ya ce a bar shi ya riƙa fita shi kaɗai: mu bari ko mu hana?

"Assalamu alaikum. Ni mace ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ina da ƙane mai shekara 26. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara biyu, tun daga nan fahimtarsa ta yi baya. Yana magana, yana wanka da kansa, yana salla in an tuna masa, amma bai iya karatu ba, bai kuma san canji ba. Mahaifinmu ya rasu, Inna kuma ƙarfi ya fara ƙarewa. 'Yan watannin nan ya tayar da rigima: shi dai a bar shi ya je kasuwa shi kaɗai, a saya masa waya, a ba shi kuɗinsa a hannu, har maganar aure yake yi. In an hana shi sai ya ƙi cin abinci. Yayanmu ya ce a rufe ƙofa kawai kar a cuce shi. Ni kuma hankalina bai kwanta da haka ba. Me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

In na fahimce ki, gidanku ya rabu biyu: masu cewa a sake shi da masu cewa a tsare shi. Ni a ganina duka biyun ba su ne mafita ba, don an ɗora tambayar a kan "zai iya ko ba zai iya ba", alhali zuwa kasuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai sanin hanya, akwai tsallake kwalta, akwai faɗin abin da ake so, akwai miƙa kuɗi, akwai jiran canji, akwai sanin abin yi in an ɓata. Wataƙila ƙanenki ya riga ya iya uku daga ciki, biyu zai koya cikin wata biyu, ɗaya kuma har abada sai an tallafa masa. Aikinku shi ne ku gano wanne ne wanne.

Tsoron Yaya gaskiya ne, kada ki raina shi. Ana cutar irinsu, ana yi musu dariya, ana aikensu inda bai dace ba. Amma rufe ƙofa na kare mutum ne muddin mai riƙe da makulli yana raye kuma yana da ƙarfi. Wanda ya kai shekara arba'in bai taɓa sayen sabulu da kansa ba, ranar da Inna ta kau shi ne ya fi kowa shiga hatsari. Rigimar da kike gani kuma, a wajen masu aikin kula da irinsu alama ce mai kyau: mutum ne ya ga sa'o'insa sun yi sana'a sun yi iyali, ya fara neman nasa rabon. Ƙin cin abinci shi ne kaɗai makamin da aka bar masa.

A fara da jiki

Abin da ƙanenki ke da shi tawayar fahimta ce da ta samo asali daga raunin da sanƙarau ya yi wa ƙwaƙwalwa tun tana girma. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Ba a warkar da shi da ƙwaya ko hayaƙi, amma mai shi yana ci gaba da koyo har tsufansa, sai dai a hankali kuma da maimaici. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, lokaci ya wuce, ba su yi daidai ba a nan.

Kafin ku fara komai, ku kai shi likita a duba abu uku. Na farko ji. Sanƙarau na cikin manyan cututtukan da ke kashe kunne, kuma sau da yawa kunne ɗaya ne ko rabin ji, sai a shekara ashirin ana cewa mutum ba ya ganewa alhali ba ya ji ne sosai. Wanda kunnensa ɗaya ya mutu ba ya iya sanin ta ina ƙarar babur ke zuwa, kin ga wannan ya shafi tsallake hanya kai tsaye. Na biyu gani. Na uku farfaɗiya, har da ƙaramar da mutum ke ƙura ido ya yi shiru na 'yan daƙiƙu bai faɗi ba. In yana shan maganinta, kamar Gardenal ko Tegretol, kada a tsayar da shi kwatsam, kuma a gaya wa likita in yana sa shi barcin rana, don ana iya gyara awo ko lokacin sha. Mai farfaɗiya yana fita yana aiki, sai dai a nisanta shi da bakin rijiya, gulbi lokacin damina, hawa sama da tsayuwa kan wuta shi kaɗai.

Muryarsa daga gida take farawa

Mutumin da ba a taɓa tambayarsa rigar da zai sa ba, ba zai iya ce wa baƙo a'a ba. Don haka horon farko ba a titi yake ba, a tsakar gida yake. Kullum a ba shi zaɓi na gaske sau uku ko huɗu: wannan riga ko waccan, koko ko shayi, wanki yanzu ko bayan la'asar. A nuna masa abubuwan biyu a hannu, kada a tsaya ga baki kawai. Abin da ya zaɓa a yi shi, ko da ba shi kike so ba.

Akwai tarko biyu da iyali ke faɗawa. Masu irin wannan tawaya sun saba da cewa "to" ga duk abin da babba ya faɗa, don sun koyi cewa "to" ce ke kawo ƙarshen magana lafiya. In kin ce "ka gane?" zai ce ya gane. Maimakon haka ki ce "nuna mini yadda za ka yi". Na biyu, in an jera musu abu biyu da baki sukan ɗauki na ƙarshe. Ki sake tambayar bayan ɗan lokaci ki juya jerin. In amsar ta canza, bai zaɓa ba tukuna, maimaitawa ya yi.

Sannan a daina magana a kansa yana zaune kamar ba ya wurin. A likita, in ma'aikaci ya dube ki ya ce "me ke damunsa?", ki juya ki ce "ga shi nan, a tambaye shi", ki cika abin da ya rage bayan ya gama. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace mai rauni a hankalinta ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata wurinsa, sai ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta. Ita ta yi maganarta, ita ta zaɓi wurin. A ƙasashen waje ma an yi irin haka: a 1974, a jihar Oregon ta Amurka, masu tawayar fahimta suka yi babban taro da kansu suna neman a fara ganinsu a matsayin mutane kafin a ga nakasarsu.

Yadda ake koyar da aike

Kada ku fara da babbar kasuwa, balle ranar Litinin ko Juma'a da take cika. Ku fara da mai tebur ko shagon da ke layinku, inda babu kwalta tsakani. Ki je ke kaɗai tukuna ki yi magana da mai shagon: ƙanena zai riƙa zuwa, ka bar shi ya faɗi abin da yake so da bakinsa, kada ka riga shi, kada ka ba shi bashi, ga lambata.

Ki raba aiken gida-gida: ɗaukar kuɗi, tafiya, sallama, faɗin abin da ake so, miƙa kuɗi, karɓar kaya, komowa, miƙa saƙo. Hanyar da ta fi aiki ita ce a koyar daga ƙarshe. Ranar farko ke za ki yi komai, shi ya karɓi kayan ya kawo wa Inna. In wannan ya zauna, ya ƙara da miƙa kuɗi. Sannan faɗin abin da ake so. Amfanin haka shi ne kullum shi ke kammala aikin, shi ake yi wa sannu da zuwa, sai zuciyarsa ta so komawa.

In ya tsaya ya rikice, ki yi shiru ki ƙirga goma a ranki. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa 'yan'uwa wuya, don hannu na ƙaiƙayin karɓe aikin. In goma ta cika bai motsa ba, ki ce "sai me?" In bai tuna ba, ki nuna da yatsa. In bai yi ba, ki yi ya gani. Kama hannunsa shi ne na ƙarshe. Kullum a fara da taimako mafi ƙanƙanta, in ba haka ba zai koyi jiran umarni ne, ba aikin ba.

Tafiyar ma mataki-mataki ce: kuna jere, sannan shi a gaba ke a baya da taku goma, sannan ki tsaya a bakin lungu kina hangensa, sannan ki zauna gida mai shago ya kira ki in ya iso. Kada a wuce mataki sai ya yi shi daidai sau biyar a jere, a ranaku daban-daban. Minti goma sha biyar a rana ya isa, amma kullum, a lokaci guda.

Inda abin ke lalacewa: mutum uku na koyarwa kowa da salonsa, a koyar lokacin da ake sauri, tukunya na kan wuta, yara su yi dariya in ya yi kuskure, ko ya yi daidai sau ɗaya a ce ya iya. Ki kuma sani cewa abin da ya koya a shago ɗaya ba ya bin sa zuwa wani da kansa. Sabon wuri, sabon horo, ko da yake na biyu ya fi na farko sauri.

Tsallake kwalta shi ne mafi hatsari, da 'yan kabu-kabu da adaidaita da ke fitowa ta ko'ina. A zaɓi wuri ɗaya tak da zai riƙa tsallakawa, a maimaita a nan sau da yawa. Wasu ba sa taɓa iya auna gudun abin hawa. In ƙanenki na cikinsu, ba faɗuwa ba ce: a koya masa ya tsaya ya ce wa babba "don Allah tsallakar da ni", ko a samu ɗan kabu-kabu ɗaya amintacce da aka san gidansu.

Waya kuwa ku saya masa, tana cikin kayan tsaro. Ƙarama mai maɓalli, a saita ta yadda in ya danne lamba 2 ya riƙe za ta kira ki, 3 ta kira Yaya, a ɗiga jan farce a kan maɓallin. A aljihunsa a sa ɗan kati da aka liƙe da leda, mai sunan unguwa da lambobi biyu. Ku yi gwajin ɓata da gangan: ya tsaya inda yake, ya kira, in waya ta ƙi ya nuna katin ga mai shago ko limamin masallaci mafi kusa.

Kuɗi

A nan ƙasar muna da wata wahala da ba kowa ke lura da ita ba. Ƙarfen da aka rubuta wa 100, baki na ce masa dala ashirin. Mai 50 dala goma. Mai 500 dala ɗari. Ido na ganin lamba ɗaya, kunne na jin wata. Ga naira kuma da ke yawo a hannun mutane saboda kusancinmu da iyaka. Mai cikakkiyar fahimta ma sai ya saba. Don haka kada ki ɓata wata shida kina koya masa lissafin canji. Ki haɗa kowane kuɗi da abin da yake saye: wannan ƙarfen na ƙosai ne, wannan na sabulu. Da farko a ba shi daidai kuɗin kaya, babu canji. Takardu kuma da launi ake gane su: jika ja-ja ce, jika biyu shuɗiya, jika biyar kore, jika goma mai launin shunayya. Ya fara da sefa kaɗai.

Ku raba dukiyarsa hawa uku. Ƙaramin kuɗi, kamar dala ashirin ko arba'in a rana, nasa ne, ya yi abin da ya ga dama. In ya saba, a ba shi na mako a gwangwani bakwai. In ya cinye duka ran Asabar, kada a yi faɗa, kada kuma a ƙara. Ranar da ya wayi gari gwangwani babu komai ta fi wa'azin wata guda. Hawa na biyu, kamar sayen takalmi ko waya, shi da wanda ya zaɓa su yanke tare. Hawa na uku, gado da fili da dabba, yana hannun waliyyi, da shaidu da rubutu, amma a yi maganar yana zaune, a gaya masa da kalmomin da zai gane.

Wannan bai saɓa wa addini ba. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a danƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, ta ce a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta a kuma gaya masa magana mai kyau. Aya ta 6 ta ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a miƙa musu dukiyarsu, malamai kuma sun bayyana jarrabawar da ba su kaɗan su juya a gani. Rabonsa na gadon mahaifinku nasa ne cif, nakasa ba ta rage ko dala. In ana turo masa kuɗi ta Nita ko Amana ko ta waya, ya san da zuwansu, lambar sirri kuma a koya masa ba a faɗa wa kowa, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake.

Sana'a

Ki duba abin da hannunsa ke so, ba abin da ya fi kawo kuɗi ba. Aikin da ke da tsari ɗaya kullum ya fi dacewa: kiwon jar akuya ko turkar rago, ɓarar gyaɗa, tsinkar zogale, ɗaura kaya a leda, jera kaya a shago, wankin babur. A fara da awa biyu, kwana uku a mako, wani na gida ya raka shi makonni biyun farko sannan ya riƙa janyewa. A gaya wa maigidan aikin: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a nuna maimakon dogon bayani. A yanke lada tun ranar farko, a sa masa a hannunsa. Abin da na fi jin tsoro shi ne ya zama ɗan aiken unguwa kyauta, kowa na cewa ai taimakonsa ake. Bara kuwa kada a bari ta shiga, ko da wasa, don fitar da mutum daga cikinta ya fi koya masa sana'a wuya. In akuyarsa ta fara haihuwa, ana iya zuba masa wani abu a asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a nan yankin Maraɗi a 1991, da sunansa kuma da saninsa.

Kare kai

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya kai kuka ana yaudararsa a ciniki, sai Annabi (SAW) ya koya masa ya riƙa cewa "la khilaba", wato ban da yaudara. Bai hana shi kasuwa ba, kalma ya sa masa a baki. Ku ma ku sa wa ƙanenku guda uku: "A'a, ba na so." "Sai na tambayi yayata." "Zan faɗa a gida." Ku yi ta gwadawa kamar wasan kwaikwayo: Yaya ya zama mai cewa ara mini wayarka, ke ki zama mai cewa kai mini wannan ƙullin wurin wane. Wannan gwajin na kai ƙulli ki riƙe shi da kyau, don masu sayar da ƙwaya irin tramol da masu kayan sata sukan nemi wanda ba za a zarga ba ya ɗaukar musu.

Wani namiji da ya yarda da shi ya koya masa sunayen sassan jikinsa ba kunya, da inda ba a taɓa masa, da inda shi ma ba ya taɓa wa kowa, mace ko yaro. A gaya masa duk wanda ya ce "kar ka faɗa wa kowa", to wannan ne abin da za a faɗa. Mafi yawan masu cin zarafin irinsu sanannu ne, ba baƙi ba. In ya dawo da kyautar da ba a san tushenta ba, ko ya ƙi bin wata hanya kwatsam, ko ya fara fitsarin kwance, a zauna da shi a natse, kuma in ya faɗi abu a gaskata shi tukuna a bincika.

Aure, takardu, da bayan Inna

Kada a yi dariyar maganar aure, kada kuma a yi masa alkawarin ƙarya. Ki tambaye shi me aure yake nufi a wurinsa. Wani ɗakinsa na kansa yake so, wani a daina kiransa yaro, wani kuma matar yake so da gaske. Akwai masu tawaya mara tsanani da suka yi aure suka zauna lafiya da tallafin dangi. Sharaɗin shi ne ya san haƙƙin da ke kansa, akwai abin ciyarwa, an gaya wa matar da iyayenta gaskiya duka, ita kuma ta yarda da kanta ba tilas. Aure ba magani ba ne, ba kuma hanyar samo mai jinya ba ce. Raunin da sanƙarau ya bari ba a gadonsa. Sauran hukuncin ku zauna da malami masanin fiƙihu da likitan da ya duba shi.

Ku tabbatar yana da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. In babu ta haihuwa, ana neman hukuncin da ke maye gurbinta a kotu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, wadda sashenta na 12 ya ce a tallafa wa mutum ya yanke shawararsa, na 19 kuma ya ba shi haƙƙin zama cikin jama'a kamar kowa, sannan an yi dokar ƙasa kan shigar da nakasassu cikin al'umma a 2019. Ku je ofishin kula da jin daɗin jama'a na jiha da reshen tarayyar nakasassu, FNPH, ku tafi da shi, ya ga wasu irinsa suna magana da bakinsu.

Ban ga ƙanenki ba, don haka ba zan iya ce miki ga inda zai tsaya ba. In mataki ɗaya ya ƙi zama bayan wata biyu ko uku, a canza dabara, in ya ƙi a bar masa tallafi a wannan wurin a ci gaba da sauran. In kuma ƙin cin abincin ya wuce kwana biyu, ko ya zo da rashin barci, rama, kuka ko daina abin da ya saba yi, a nemi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, don su ma baƙin ciki mai tsanani na kama su kuma yana da magani.

Maganar wanda zai riƙe shi bayan Inna, ku yi ta yanzu tana da ranta da bakinta. Ku zauna ke da Yaya da Inna da wani dattijo na dangi, shi ma yana wurin, a tambaye shi gidan wa yake so. A rubuta wa ke riƙe da dukiyarsa, wa ke kai shi likita, wa ke duba mai riƙon. Gidan da aka tsayar, ya fara kwana can dare ɗaya a mako tun daga wannan watan, da tabarmarsa da butarsa da wurin rataye rigarsa, a kuma nuna masa hanyar shago da masallacin can kamar yadda aka nuna masa na gida.